Hancin Lillo

Shafi na 23

Masu cika min waya da "ina ci gaba, ina ci gaba", aiki nake yi, ba a kan waya nake kwana ba. Ga shi nan. Wanda ya zagi Nunzia a shafin baya ya karanta wannan tukuna kafin ya ƙara buɗe baki.

*

Litinin ta uku ke nan a jere.

Abin da ke ta yi wa Lillo yawo a ka ke nan tun da ya tayar da mota. Shekara talatin da ɗaya da aurensu, Nunzia ba ta taɓa cewa su je su ci abinci a waje ba. Su je neman me? Su da ke da gidan cin kifi nasu na kansu a bakin ruwan Brooklyn, wanda ubansa ya bar musu shi da ƙanensa Saverio? Litinin ita ce ranar hutunsu. Ita ta miƙe ƙafa a kujera, shi ya wanke mota, shi ke nan.

Sai ga shi ta farko ta ja shi gidan Eladio, mutumin Sifaniya, suka ci shinkafar nan ta faffaɗan kasko har ya kankare ƙanzo. Ta biyu ta kai shi gidan Carmine, ɗan kawunta, suka ci taliya da jatan lande. Yau kuma wai gidan Seto, cikin unguwar Sinawa, da tsakar rana.

Ya saci kallonta.

"Wai ni kam Nunzia, mutuwa za ki yi ne?"

"Kai za ka riga ni. Dubi hanya."

"To caca kika ci?"

"Mace ba ta isa ta ci abin da ba ita ta sha hayaƙinsa ba?"

"Shekara talatin ba ki isa ba sai yanzu?"

"Ga wuri can, aje motar. Kada ka goga wa mutane tasu."

Ya aje. Bai kashe injin da wuri ba.

Tambaya ɗaya ce a ransa, ita kuma ba ta tambayuwa: ta sani ne?

Wata tara ke nan da hancinsa ya mutu. Mura ce ta kwantar da shi kwana goma, ta tafi, ta tafi da shi. Ba ƙamshi, ba wari, ba ƙarni. Shi da duk kasuwar kifi ta san shi da hanci. Shi da ke tsayawa taku uku daga akwati ya ce jiya da yamma aka kama wannan, a bincika a tarar haka ne. A jikin allon gidan abincinsu ma abin da aka rubuta ke nan, kifin da Lillo ya zaɓa. Saverio ya daɗe yana so su koma karɓar daskararren kifi daga kamfani, mota ta kawo har ƙofa. Abu ɗaya ya hana shi, hancin yayansa. Ranar da ya ji babu shi, Lillo ya bar zuwa kasuwa ke nan, sai zaman bakin ƙofa yana yi wa baƙi sannu da zuwa.

Don haka kullum da asuba yana zuwa, ya ɗaga kifi, ya kai hanci, ya lumshe ido kamar da. Ido da yatsa ke yi masa aikin. Ba wanda ya sani.

Haka dai yake zato.

"Za ka fito ko a kawo maka nan?" in ji Nunzia.

Seto na tsaye a bakin ƙofa kamar wanda aka ce masa ga su nan. Gajeren tsoho ne, ba gashi, tabarau a goshi. Shekara talatin suna faɗa da Lillo a kan akwatin kifi a kasuwa, ko sau ɗaya ɗaya bai taka gidan ɗaya ba.

"A'a! Sarkin hanci da kansa! Kicin ɗinku ya ƙone ne?"

"Tsohon ɓarawo. Na zo in ga inda kake kai ragowar da na bari."

"Ragowa? Nawa suna iyo, naka suna kwance a ƙanƙara kamar 'yan asibiti. Uwargida, sannu da haƙuri da wannan mutumin."

"Na saba," in ji Nunzia.

Lillo ya lura da abu ɗaya. Ba ta gabatar da kanta ba, shi ma Seto bai tambaya ba. Yaushe suka san juna?

Ya ajiye wannan a ransa.

Aka kai su wani teburi a lungu, wai shi aka keɓe musu, alhali ga wurare nan a tsakiya babu kowa. Seto da kansa ya ja wa Lillo kujera.

"Nan za ka zauna."

"In na fi son can fa?"

"Can iska ke bugawa. Zauna, ka tsufa."

Aka zuba shayi. Seto ya ce ya taso ya zaɓi kifinsa. Bango guda na gidan tankunan gilashi ne, kifaye na kai da komo, ƙaguwa na hawa kan 'yar uwarta. Nan kam Lillo ya ji daɗi, don wannan aikin ido ne. Ya zaga sau biyu, hannu a baya, ya nuna wani baƙi mai faɗin gadon baya.

"Wancan. Mai tsagar jela."

"Ka iya tsada," in ji Seto.

Aka sa koma aka kamo shi, aka kawo shi har teburi a bokiti yana fal-fal, yadda suke yi don ka ga da ransa. Lillo ya gyaɗa kai, aka wuce da shi ciki.

Suna jira. Wata mata da mijinta da ke teburin kusa suka kira mai hidima, suka yi masa magana a hankali, aka mayar da su can gaba. Lillo ya bi su da kallo.

"Me muka yi musu?"

"Ƙila fuskarka," in ji Nunzia. Ta ciro hankici ta riƙe a bakinta.

"Mura kike yi?"

"Kaɗan."

"Ni fa ban gane miki ba. Me kuke ƙullawa ke da tsohon nan?"

"Sha shayinka."

Minti goma sha biyar sai ga kifi a doguwar tasa, an turara shi, an watsa citta da lawashi, mai na tsuwa a kai. Seto ya aje, ya juya kan kifin ya fuskanci Lillo, ya koma gefe ya naɗe hannu.

Lillo bai ɗauki cokali ba.

Ya dubi jela. Lafiyayya, ba tsaga. Ya dubi ido. Kifin da aka turara da ransa, idonsa kan fito waje fari fat, ƙayar bayansa ta miƙe tsaye. Wannan ido a lotse, ƙaya a kwance. Ya sa cokali ya taɓa tsokar gefen ƙashi, ta saki ba gardama.

Sai ya ji wani sanyi a ransa. Ashe jarrabawa ce! To sun taro wanda ya fi su.

Ya ture tasar.

"Seto."

"Na'am, ranka ya daɗe."

"Ni za ka yi wa wannan? Ni? Ina kifina?"

"Ga shi gabanka."

"Nawa mai tsagar jela ne. Wannan gawa ce ka ɗauko. Dubi idonsa! Ka canja min kifi kamar wani ɗan yawon buɗe ido!"

Seto ya sauko da tabarau daga goshi, ya leƙa tasar kamar bai taɓa ganinta ba.

"Kai, da gaske fa."

"Da gaske mana!" Lillo ya juya wajen matarsa, murya ta hau. "Kin gani ko? Ni ake gwadawa? Tun daga ƙofar kicin na jiyo ƙarninsa. Tun kafin a aje shi na san kwanansa biyu!"

Ba wanda ya yi dariya.

Seto ya ja kujera ya zauna, abin da mai gida ba ya yi a teburin baƙo.

"Lillo, da safen nan kifin ya mutu. Ƙarfe tara. Ni na cire shi daga tanki. Ba shi da ƙarni ko kaɗan."

"Ƙarya kake."

"Canjin kifin nawa ne, ba na matarka ba. So na yi in ga ko idon ma ya tafi. Yana nan, na ji daɗi. Naka yana kan wuta, yanzu za a kawo."

"Idon ma? Me kake nufi da idon ma?"

Nunzia ta sauke hankicin daga bakinta. Idonta ya yi ja, ruwa ya taru.

"Duba ƙarƙashin kujerarka."

"Me?"

"Duba kawai."

Ya sunkuya. Wani kwano ne a buɗe, dab da dugadugansa, cike da wani abu mai kauri, launin toka-toka. Ya jawo shi, ya ɗora kan teburi. Mai hidimar da ke wucewa ya kauce, ya toshe hanci da gwiwar hannu.

"Mene ne wannan?"

"Daddawar jatan lande," in ji Seto. "Wadda ta shekara uku. Cokali ɗaya muke sa wa a tukunya, shi ma sai an buɗe taga. Tun da ka zauna take ƙarƙashinka. Na kori baƙi biyu saboda kai, matarka ta kusa amai, kai kana shan shayi."

Lillo ya dubi kwanon. Ya dubi matar da mijinta can nesa, suna kallonsa. Bai san lokacin da ya ja numfashi ta hanci ba, da ƙarfi, sau biyu.

Iska kawai.

"Mura ce," ya ce. "Kwana biyun nan..."

"Lillo," in ji Nunzia.

"Na ce mura ce!"

"A gidan Eladio ma mura ce?" Nunzia ta matso da kujerarta. "Na roƙe shi kada ya sa za'afaran, kayan ƙamshin nan mai tsada, a shinkafar. Kala kawai ya zuba, ya ce in wani ya ji ya yi haka zai rufe gidan don kunya. Me ka ce masa da ya fito?"

Lillo ya jawo kofin shayinsa.

"Ka riƙe hannunsa ka ce, Eladio, wannan za'afaran daga garinku aka aiko maka, ƙamshinsa daban ne. Mutumin ya koma kicin ya zauna a kan buhu."

"Ladabi na yi masa."

"Kai? Ladabi? To gidan Carmine fa? Cuku ya goga a cikin miyar jatan landen. Cuku, Lillo, a kan abin teku! Kai da ka taɓa korar mutum da iyalinsa daga gidanmu don ya ce a barbaɗa masa. Kai da ka ce uwarka za ta tashi daga kabari. Ka cinye, ka sa burodi ka suɗe tasa. Ka ce gishiri ne ya ɗan yi yawa."

Seto ya girgiza kai. "Ni ba Ba'italiye ba ne, amma ko ni na san wannan zunubi ne."

"Kai rufe min baki!"

"Na rufe."

Lillo ya jingina da kujera. Abin da ya fi ci masa rai ba kwanon ba ne.

"Wato Eladio ya sani. Carmine ya sani. Wannan tsohon ya sani. Kin yi min tsirara a gaban duk wanda nake haɗuwa da shi a kasuwa. Saura wa? Limamin coci?"

"Da kansu suka gane, ba ni na gaya musu ba."

"Kamar yaya?"

Seto ya ɗaga yatsa kamar ɗan makaranta. "In buɗe?"

"Yi magana."

"Watan Yuni. Ka tsaya kan wani akwatin jatan lande, ka shinshina, ka ce a sa maka a mota. Ni ina bayanka, daga inda nake ina jin warinsa. Na ce ko wasa kake. Da na ga da gaske ne, sai na ƙara kuɗi a kai na ƙwace shi. Ka tuna? Ka zage ni tas, ka ce na yi maka ƙafar ungulu."

"Na tuna."

"A bola na zubar da shi. Tun daga ranar, in ka shiga kasuwa ɗayanmu na bayanka. Yau ni, gobe Eladio. Ka zaci son ka muke yi?"

Lillo ya tuna. Wata shida yana mamakin yadda duk inda ya juya sai ya ga ɗayansu. Har ya gaya wa Saverio cewa tsofaffin nan leƙen zaɓinsa suke yi don su kwaikwaya.

Ya juya wajen Nunzia. Muryarsa ta sauka.

"Ke fa? Tun yaushe?"

"Tun Afrilu. Na ƙona madara a gida, hayaƙi har falo, kana zaune kana karanta jarida."

"Ba ki ce komai ba."

"Jira nake ka faɗa min da bakinka. Ni ce fa, Lillo. Gado ɗaya muke kwana." Ta share ido da bayan hannu. "Kullum in ka sauke kaya ka hau sama wanka, ni nake shiga ɗakin sanyi in bi akwatunan ɗaya bayan ɗaya. Sau huɗu ina zubarwa. In ce wa Saverio an saye."

"Sau huɗu."

"A wata takwas. Idonka na da kyau, ba wanda ya ce ba shi da shi. Amma akwai abin da ido ba ya gani."

"To me ya sa sai yau? Me ya sa ba ki tare ni a gida ba, sai kin yi ta yawo da ni gari-gari kamar akuyar sayarwa?"

"Da na tare ka a gida me za ka ce?"



"Mura ce," in ji Seto a hankali.

"Na ce ka rufe baki!"

"Kwana goma suka rage in tafi wajen Rosalia," in ji Nunzia. "'Yarka haihuwar fari za ta yi, ba zan bar ta ita kaɗai a wata jiha ba. Wata biyu zan yi. Jajiberin Kirsimeti na tsakiya, daren da muke dafa kifi kala bakwai, gida cike. Wa zai shiga ɗakin sanyi? Ka gaya wa Saverio."

"Ba zan gaya masa ba."

"Ƙanenka ne."

"Shi ya sa! Kin san abin da zai yi. Kafin sati motar kamfani na ƙofa. A sauke allon, a rubuta me? Kifin da direba ya zaɓa? Tun ina shekara sha huɗu nake zuwa kasuwar nan. Ban yi boko ba, ban iya komai ba. In ba na zaɓen kifi, ni wane ne a gidan?"

"In yaro ya ci ya kwanta asibiti fa, kai wane ne?"

Aka kawo kifin gaskiya, mai tsagar jela, ido fari a waje, ƙaya a tsaye. Ba wanda ya kalle shi.

"Likita ya ce yana iya dawowa," in ji Lillo.

"Ka je likita?"

"Sau biyu. A wata unguwa."

"Ka je likita ba ka gaya min ba." Ta yi wata 'yar dariya marar daɗi. "To ji nan. Daga yau na daina. Ba na ƙara shinshina maka komai a ɓoye. Ko ka faɗa masa, ko ka san yadda za ka yi."

"Nunzia..."

"Na rantse da kabarin uwata."

Ya san wannan rantsuwar. Sau biyu ya taɓa jin ta a bakinta, duk biyun ba ta janye ba.

Seto ya miƙe zai ɗauke kwanon daddawar, sai ya tsaya cak, yana kallon ƙofa.

"Uwargida, kin gayyaci wani ne?"

"A'a. Na dai gaya wa Saverio inda za mu, ko da..."

Ba ta ƙarasa ba.

Saverio ne, da rigar kicin a jikinsa, yana ratsa tebura da sauri, rungume da wata farar roba mai murfi. Tun daga nesa yake magana.

"Yaya! Wayarka a kashe, ta Nunzia a kashe! Kai, warin mene ne wannan? Wani ya mutu ne a nan?" Ya ture kwanon gefe, ya dire robar a gaban Lillo. "Ka manta yau, duk da Litinin ce, akwai masu bikin baftisma da yamma? Mutum tamanin. Naman ƙaguwar da aka ɓare ne, yanzu mai kawowa ya sauke roba goma sha biyu. Mai dafuwa ya ce kamar ya ji wani abu, mai kawowa ya rantse na jiya ne. Sun kusa dambe. Ni ka san taba ta gama da nawa hancin. Na ce kowa ya yi shiru, ba mai yanke hukunci sai Yaya."

Ya ɓalle murfin.

Fari tas, a tsattsage, a cikin ɗan ruwansa. Ba ido, ba jela, ba ƙaya. Ba abin da yatsa zai gaya masa.

Lillo ya dubi Seto. Seto ya cire tabarau yana gogewa da gefen riga.

Ya dubi Nunzia. Ta harɗe hannu a ƙirji, ta juya fuska wajen tankunan gilashi.

Ya sunkuya a hankali, ya kai hanci bakin robar, ya lumshe ido.

"Yi sauri, tukunya na kan wuta," in ji Saverio. "Yaya, a dafa ko a zubar?"